Har Sai An Ce Nomau Ya Daina

Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kowa ya ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo, tana zaune a Funtuwa, a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, bayan gidan ƙyanƙyasar kaji na Hajiya Turai.

Mutum uku ne a ɗakin. Akwai Nomau, mutumin Unguwar Gwanki, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai faɗin kafaɗa da kyawun rubutu. Akwai matarsa Yalwa, mai tuyar awara a bakin ƙofar gidan kajin. Akwai kuma 'yarsu Kuluwa, 'yar aji uku a makarantar da ke tsallaken titi, inda malamai ke zuwa har ranar Juma'a. A Unguwar Gwanki ma akwai makaranta, kuma ginin ba laifi. Awakin garin suna yabawa ƙwarai.

Mutanen ƙauyensu wawa suke kiran Nomau, hukuncin da ya ɗan yi tsauri. Ba ya mantuwa, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Aibinsa guda ne: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari, kuma ba ya tsayawa sai an ce ya tsaya. An taɓa sa shi ban ruwan tumatir kowace safiya a lambun kawunsa, aka manta ba a sallame shi ba. Damina ta faɗi, aka same shi a tsakiyar ruwan Agusta, buhu a ka, yana zuba wa tumatir ruwa da bokiti. Yalwa ce kaɗai ta gano maganinsa. Ba ta ba shi umarni sai da wutsiyarsa.

"Maigida, hura wutar nan har ta kama, sannan ka daina."

Shekara goma sha huɗu ke nan suna zaune lafiya, abin da ba kowane mai wayo ke iya faɗa ba.

Aikin Nomau a gidan kajin shi ne shara, aike da lodin kwalayen tsaki, kuma ɗakin nan na bayan gidan kajin tare da aikin yake. In aiki ya tafi, ɗaki ya tafi, Kuluwa ta koma karatu da awaki. Manajan wurin, Malam Isuhu, yana da wani ɗan ƙanwa da ya daɗe yana ganin ɗakin zai dace da shi. Shi ya roƙi Hajiya ta yarda a riƙa zana wa Nomau alli a bayan ƙofar ofis duk lokacin da ya yi ɓarna. Hajiya, wadda ke son Nomau amma ta fi son kajinta, ta ce in zane ya kai biyar sai ya haɗa kayansa. Malam Isuhu ya sayi alli kwali guda, don kada a ce bai shirya ba.

Ga yadda sana'ar gidan take. Kowace Talata da asuba injin ke fito da tsaki dubu goma sha biyu, kuma ɗan tsako ba buhun masara ba ne da za a jingine shi a sito. Ranar Litinin bayan azahar masu kiwo daga Bakori, Malumfashi, Gusau da Giwa ke bugo waya, kowa ya faɗi kwali nawa zai ɗauka. Wanda bai samu shiga ba sai ya kira wani gidan a Kaduna, tsakin da zai ɗauka kuma su kwana a kwali suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru duk wannan ciniki a kan wayar salula guda yake rataye, wayar kuwa a aljihun Malam Isuhu take, shi kuma mutum ne mai yawan dangi.

Da Hajiya ta gaji, sai ta ɗauko wani matashin injiniya daga Kaduna, Zayyanu, ya haɗa mata wayar ofis da ke bi ta intanet. Ya zo da akwatuna biyu. Ƙarami mai ƙaho biyu shi ke kawo intanet. Babba shi ke raba kira zuwa tebura. Tsakanin babban akwatin da kamfanin waya kuma akwai wani layi da injiniyoyi ke kira turanki, wanda ba a ganinsa da ido, amma mutum takwas na iya bi ta cikinsa a lokaci guda ba wanda ya taka wani. Sai dai kafin ya buɗe, dole a faɗa wa akwatin adireshin kamfanin, da sunan shiga, da kalmar sirri, da lambar ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In aka kuskure ɗigo ɗaya, akwatin zai yi shiru irin na surukin da aka ɓata wa rai.

Wata rana, ranar da za a saita layin, Injiniya Zayyanu ya ga rubutun Nomau a jikin kwalaye ya yaba. Ya miƙa masa sabon littafi da biro.

"Baba Nomau, tsaya a bayana. Duk abin da ka ga na yi, rubuta. Kada ka tsallake komai."

Nomau bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma harafi harafi ne ko a ina. Ya tsaya awa uku bai jingina ba. Da aka gama, fitilar akwati ta yi kore, waya ta yi ƙara, Hajiya ta shigo da fara'a ta ce a karanto mata abin da aka yi, don ta san me ta saya. Nomau ya gyara murya.

"Ƙarfe tara da kwata, Injiniya ya ce bismillah. Ya rubuta adireshi. Ya ce a'a. Ya goge. Ya ci gyaɗa bakwai. Ya sake rubutawa. Saƙo ya fito a gefen kwamfuta daga wata Bara'atu, ta ce, Zayyanu, ko ni ko kwamfutar nan. Injiniya ya rubuta mata, ke ce mana, hasken idona. Ya ci gaba da kwamfutar."

"Ya isa!" in ji Injiniya, kunnuwansa kamar an gasa.

Nomau ya tsaya nan take, don an ce ya tsaya. Saura shafi talatin da takwas.

Injiniya ya zauna ya rubuta tasa takardar mai tsabta, layi shida kacal, ya manna ta a bango. Malam Isuhu ya zana alli na farko, ya jefa wa Nomau littafin a ƙirji.

"Kai wannan shirmen inda ba zan ƙara ganinsa ba."

Nomau ya fita da littafi yana tunani. Masallaci, Manaja na zuwa. Teburin mai shayi, nan ya fi zama. Siton abincin kaji, yana shiga kullum bayan hantsi. Daga ƙarshe ya tuna wuri guda da bai taɓa ganin ƙafar Manaja ba tun da ya kama aiki, wato ɗakin injin ƙyanƙyasa, inda ake yin aikin. Ya naɗe littafin a leda ya ajiye shi a can, bisa katanga.

Wata rana kuma Injiniya ya dawo gyaran sauti, don murya na fita kamar ana magana daga cikin rijiya. Ya kai Nomau wurin wayar da ke ɗakin mai gadi, ya danna lamba, ya sa masa a kunne.

"Yi ta magana, kowace iri. Ni ina ciki ina saurare ina gyarawa. Kada ka yi shiru sai na ce."

Ya koma ofis, ya sa muryar a lasifika, ya gyara abin da zai gyara cikin minti goma. Sai Bara'atu ta kira shi a kan maganar ɗinkin biki. Ya fita waje don ya ji da kyau, daga waje ya hau mashin zuwa wurin tela.

Nomau ya fara da gaisuwa. Ya gaida Injiniya, ya gaida iyayensa, ya tambayi mutanen Kaduna. Ya lissafa sunayen gonakin Unguwar Gwanki da masu su. Ya ba da labarin yadda ya ga Yalwa karon farko a kasuwar Bakori tana faɗa da mai manja, ya ce a ransa wannan za ta iya da shi. Hajiya, da ta shigo ofis ɗaukar mabuɗi, ta ja kujera ta zauna. Wajen sha ɗaya labarin ƙauye ya ƙare, ga shi ba a ce ya yi shiru ba, ga shi ba ya ƙarya, sai ya shiga na gida.

"Yanzu haka Manaja yana sito. Buhu uku yake jerawa, na huɗu ya yi matashi. Yana cewa in Hajiya ta tambaya a ce ya je duba kaya. Gaskiya ne kuwa, a kan kayan yake."

Hajiya ta tashi ta je ta duba kayan ita ma.

Sai da ladan ya kira azahar Yalwa ta lura mijinta bai fito ba. Ta leƙa ta same shi murya ta dishe, yana ƙirga ramukan rufin kwano da ƙarfi. Ta aika aka nemo Injiniya, ya zo a guje ya ce, "Daina, Baba, don Allah daina." Malam Isuhu, da shatin buhu a kumatunsa, ya zana alli na biyu da ƙarfin da ya karya allin.

Wata rana Injiniya zai koma Kaduna, ya dafa babban akwatin ya ce wa Nomau, "Wannan shi ne ran gidan nan yanzu. Ka kula da shi kamar yadda kake kula da 'yan tsaki." Babu wanda ya fi Nomau sanin kula da tsaki. Ya share ƙarƙashin teburin, ya shimfiɗa buntun shinkafa, ya ɗora akwatin a kai. Ya kewaye shi da kwali don iska. Ya ajiye masa ruwa a faranti, ko da yake bai ga baki ba. Sannan ya hura gawayi a kasko ya sa a gefe, don ɗan kwana uku ba ya jure sanyi. Kafin la'asar akwatin ya yi zafin da za a iya ɗumama tuwo a kansa, kira ya riƙa yankewa a tsakiyar sallama. Allah ya taimaka ranar Laraba ce. Akwatin ya farfaɗo bayan an yi masa fifita, alli kuma ya zama uku.

Da safe Yalwa ta ce, "Maigida, daga yau duk wanda ya sa ka aiki, ka tambaye shi, har yaushe? Ka ji?"

"Na ji. Har yaushe zan riƙa tambaya?"

Ta dube shi. "Har abada," in ji ta.

Wata rana, saura kwana huɗu ɗaurin aurensa a Argungu, Injiniya ya zo a gurguje don ya ɗora gaisuwar da mai kira zai fara ji. Hajiya ce ta zaɓi Nomau, don tun ranar da ya yi awa huɗu yana magana a waya ta lura muryarsa na fita tar. Injiniya ya rubuta kalmomin, ya ƙara 'yan bayanai a gefe da jan biro, ya miƙa masa.

"Karanta duk abin da ke takardar nan."

"Har yaushe?"

"Har ka kai ƙasa."

Ya danna maɓallin ɗauka, ya fita amsa wayar abokin ango. Ya dawo ya ɗora muryar bai saurara ba, ya kama hanya. Daga wannan rana duk wanda ya kira gidan sai ya ji:

"Assalamu alaikum. A yi murmushi a nan. Kun kira gidan tsaki na Hajiya Turai. A ɗan dakata. Mai son tsaki ya danna ɗaya. Mai son abincin kaji ya danna biyu. Mai son Manaja ya danna uku. A faɗi wannan da sauri, Manaja ba ya son a dame shi."

Labari ya bazu. Mutanen da ko kaza ɗaya ba su da ita suka riƙa kira don su ji. Direbobin tashar Gusau suka haddace. Kowa kuma, don ya gwada, uku yake dannawa. A masallaci wani dattijo ya gaida Malam Isuhu da sauri-sauri, ya ce ya ji ba ya son a dame shi. Alli ya zama huɗu. Yalwa ta sauko da tukwanenta na jere ta fara sa su a buhu.

Wata rana, Litinin, Malam Isuhu ya zo ofis da sassafe da niyyar kashe muryar nan kafin masu kiwo su fara kira. Ya taɓa ganin Injiniya yana nuna wani ɗan rami a bayan akwati yana cewa kada kowa ya sa tsinke a nan, yana goge komai. Malam Isuhu ya ga ai abin da yake nema ke nan. Da yake bai san a wane akwati muryar take ba, kuma shi mutum ne mai son kammala aiki, sai ya sa tsinken sakace a duka biyun.

Muryar ta tafi. Ta tafi da adireshi, da sunan shiga, da kalmar sirri, da lambar ƙofa.

Bai firgita ba da farko, don takardar Injiniya mai layi shida na manne a bango, kuma ya iya buga kwamfuta. Ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Fitila ta yi kore. Ya kira lambar ofis da salularsa, wayar tebur ta yi ƙara, ya ɗauka. Shiru. Ya yi sallama a wannan kunne, bai ji ta a wancan ba. Ya goge, ya sake, sau biyar. Kore, ƙara, shiru.

Haka Hajiya ta same shi ƙarfe goma da rabi. Ta kira Injiniya, waya na hannun abokin ango, wanda ya ce ango na cikin kwalekwale da amarya ana ɗaukar hoto, a kira jibi. Tsohuwar lambar salula kuwa an riga an sanar a rediyo cewa an daina amfani da ita. Ta bangon ofis ana jin injin na gurnani, ƙwai dubu goma sha biyu sun fara tsagewa.

"Duk muryar wawan nan ce ta jawo," in ji Malam Isuhu, yana laluben alli a aljihu.

Nomau na tsaye da tsintsiya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, yadda Injiniya ya yi yana cikin littafi."

"Ina littafin?"

"Yana nan. Amma ba zan iya kawowa ba. Manaja ya ce ba zai ƙara ganinsa ba."

Hajiya ta rufe ido ta yi salati. Ta daɗe da sanin cewa gardama da Nomau kamar dakan ruwa a turmi ce. "Isuhu, juya ka fuskanci kwamfuta. In ka waiwayo, ni da kai ne. Nomau, ɗauko."

Ya kawo, ya tsaya a bayan Manaja daidai inda ya tsaya wa Injiniya.

"Karanto min inda aka gyara kawai," in ji Malam Isuhu.

"Ban san inda aka gyara ba, Manaja. Na dai san inda aka fara."

Hajiya ta karɓi littafin ta buɗa. Shafi arba'in, rubutu kamar na ɗab'i, haruffa da lambobi a cakuɗe da cin gyaɗa da jan tsaki da soshe-soshen ƙeya. Ita ma ba ta iya bambance wanne ne magani wanne ne gyaɗa ba. Ta mayar masa.

"Karanta. Amma ka sani, Nomau, in ƙarfe biyu ta yi wayar nan ba ta magana, da hannuna zan zana na biyar."

"To, ranki ya daɗe. Ƙarfe tara da kwata, Injiniya ya ce bismillah."

Shiru.

"Manaja, ba ka ce ba."

"Bismillah," in ji Malam Isuhu ta cikin haƙora.

"Ya rubuta adireshi." Nomau ya karanto shi harafi harafi, Manaja ya buga. "Ya ce a'a. Ya goge."

"To in gogewa za a yi, me ya sa ka sa na rubuta?"

"Injiniya ya ce kada a tsallake komai."

Ya goge.

"Ya ci gyaɗa bakwai."

"Hajiya, kina jin mahaukacin nan?"

Hajiya ta dubi agogo, ta dubi Nomau da ya rufe baki ya kafe yatsa a kan layin, ta san ba zai matsa ba ko gini zai faɗo. Ta leƙa taga ta ce Yalwa ta aiko da gyaɗa. Manaja ya ci bakwai, Nomau na ƙirgawa.

Haka aka yi ta tafiya. Aka sa lambar ƙofa ba daidai ba, aka gyara. Da aka zo kalmar sirri littafin ya ce Injiniya ya buga taurari goma sha biyu. Manaja ya kwafo ta daga takardar bango, Nomau ya ƙirga taurarin a fuskar kwamfuta ya ce sha ɗaya ne, aka sake. Da aka zo saƙon Bara'atu, Nomau ya karanta shi da murya mai taushi, ya jira amsa. Babu inda za a rubuta, sai Hajiya ta yanke hukunci a faɗa da baki. Ma'aikatan da suka taru a taga sun shaida ranar da Malam Isuhu, mai 'ya'ya tara, ya fuskanci kwamfuta ya ce, "Ke ce mana, hasken idona."

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan, a shafi na talatin, fitila ta yi kore.

"Ya kira da wayarsa," in ji Nomau. "Ta yi ƙara. Ya ɗauka. Ba a jin komai."

Manaja ya kira. Ƙara, shiru.

"Kin gani ko, Hajiya? Awa biyu da rabi, mun dawo inda na baro tun da safe!" Ya zaro alli ya ɗora a tebur, bai waiwaya ba.

Gumi ya keto wa Nomau. Ta taga yana hango Yalwa ta bar kaskon awara ta tsaya, hannu a ƙugu, da buhun tukwane a jingine a ƙofar ɗakinsu. Shi bai san me zai biyo baya ba, don bai taɓa sanin abin da yake rubutawa ba. Ya san dai saura shafi goma kuma ba a ce ya daina ba.

"Injiniya ya ce, Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙera akwatin nan."

Wannan Manaja ya faɗa da zuciya ɗaya.

"Ya tashi ya zaga tebur sau biyu."

Ya zaga, ido a rufe don kada ya ga littafi, ya yi karo da kujera.

"Ya daki tebur. Ya bar shafin babban akwati, ya buɗe na mai ƙaho."

Malam Isuhu ya tsaya. "Mai ƙaho? Me ya haɗa waya da mai ƙaho? Babu wannan a takarda."

"Akwai a littafi. Ya danna rubutu na huɗu daga sama. Ya gangara ƙasa. Akwai haruffa uku, A da L da G, da 'yar alama a gabansu. Ya cire alamar. Ya ce, munafuki. Ya zare wayar wuta, ya ƙirga goma, ya mayar."

Abin da haruffan nan suke, kamar yadda Injiniya ya bayyana daga baya, wani ɗan taimako ne da masu ƙera akwatin intanet ke kunnawa tun daga masana'anta don ya sauƙaƙa wa kiran waya hanya. Kamar yawancin masu taimakon da ba a nema ba, sai ya karɓi muryar ya kai ta gidan da ba nan ba. Injiniya ya kashe shi cikin fushi, kuma abin da mutum ya yi cikin fushi ba ya cika shiga takarda mai tsabta. Tsinken Manaja ne ya tashe shi.

Manaja ya cire alamar. Ya ce munafuki. Ya zare, ya ƙirga goma, ya mayar. Fitilun mai ƙaho suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Kafin Nomau ya kai ga layi na gaba, wayar tebur ta yi ƙara da kanta. Hajiya ta ɗauka.

"Salamu alaikum, gidan tsaki ne?" Muryar ta fito tar, har na taga suka ji. "Daga Malumfashi ne, kwali ashirin nake so. Amma ina mutumin nan mai cewa a yi murmushi? Kun kore shi ne?"

"Yana nan," in ji Hajiya.

Ba ta ajiye ba waya ta biyu ta ɗauki ƙara, sai ta uku. Ma'aikata suka watse kowa ya kama tebur. A cikin wannan hayaniya Nomau ya ci gaba da karatu, Manaja ya ci gaba da bi, don har yanzu da sauran shafi tara, ciki har da inda Injiniya ya yi rawa kaɗan. Hajiya tana iya cewa a daina. Ta shagala da waya, ko kuma dai ta ga kamar ta shagala.

Kafin magariba kwalaye duka sun samu masu su. Da Injiniya ya dawo ranar Alhamis, da lalle a hannu, ya karanta littafin daga farko har ƙarshe yana zaune a kan buhu. Ya cire takardarsa mai layi shida daga bango ya ninke. Ya roƙi alfarma guda, a yage shafi na biyu. Nomau ya ce sai dai in Hajiya ta ce, Hajiya kuma ta ce kada a tsallake komai. Aka sake ɗaukar gaisuwar da muryar Nomau, da murmushin da dakatawar, don masu kiwo sun nema. Layin ƙarshe kaɗai aka cire, saboda yanzu Manaja na amsa uku da kansa, a zaune, ido biyu.

Zanen alli kuwa, Hajiya ta ce wanda ya zana shi ya san yadda ake gogewa. Sannan ta kira Nomau bakin ƙofa, inda Yalwa ke juya awara tana yi kamar ba ta saurare.

"Nomau, littafin nan a hannunka zai zauna. Ka ci gaba da aikinka a gidan nan."

Nomau ya tuna abin da aka koya masa. "Har yaushe, ranki ya daɗe?"

"Har sai na ce ka daina."

Yalwa ta sauke kasko, ta shiga ɗaki, ta kwance bakin buhu ta fara mayar da tukwanenta kan jere, babba a ƙasa, ƙarama a sama. Shekara goma sha huɗu tana kallon yadda mutane ke sa mijinta aiki, kuma ta san abu guda game da su: ba su taɓa tunawa su ce ya daina ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan tsakon Talata.